NAT Ba Katanga Ba Ce: A Rufe Ƙofofin Saba Kafin A Haɗa Ta Da Intanet

Akwai wani mataki da kusan duk matashin da ya fara wasa da Linux yake zuwa. Ya samu tsohuwar laftof wadda batirinta ya mutu, ko ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, ya ɗora mata Ubuntu ko Debian, ya mayar da ita saba. Wani a ɗakinsa yake ajiye ta don tara fina-finai da hotuna. Wani kuma a shago take, irin wuraren da ake buga takardu da cike fom a intanet, inda sabar ke raba intanet ga kwamfutoci huɗu ko biyar, tana kuma riƙe da jakar da kowa ke jefa aikin kwastoma a ciki.

Ranar farko komai yana tafiya daidai. Rana ta biyu sai wani abu ya ƙi: firinta ba ta ganin sabar, ko waya ta kasa buɗe shafin da aka ɗora. Sai a shiga bincike, a ci karo da wanda ya ba da shawarar a kashe katangar tsaro, wato fayawol, a gwada. A buga sudo ufw disable, abu ya yi aiki, a yi hamdala a ci gaba da harka. Daga nan ba a sake kunna ta. In aka tambayi mai sabar, amsarsa a shirye take: ai tana bayan rauta, akwai NAT, babu mai iya zuwa inda take.

Wannan amsar ce matsalar. NAT da katangar tsaro ayyuka biyu ne daban, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Wanda ya kafa saba ya dogara da NAT kaɗai ya bar kayansa ga sa'a. In kayan nasa ne shi kaɗai, da sauƙi. Amma a jakar shagon nan akwai hotunan fasfo, takardun NIN, sakamakon WAEC da NECO, da takardun banki na mutanen da suka biya kuɗi suka tafi gida da tunanin sirrinsu yana hannu mai kyau.

Wayar da ke aljihu ma tana yin NAT

Abin ba baƙo ba ne kamar yadda sunansa yake sa a ɗauka. Duk wanda ya taɓa kunna hotsifot ya ba abokinsa data ya riga ya yi amfani da NAT. Wayar abokin takan samu adireshi irin 172.20.10.2 in iPhone ce ke ba da datar, ko wanda ya fara da 192.168 in Android ce. Waɗannan adiresoshi na cikin gida ne, ba sa aiki a kan intanet. Abin da wayar mai hotsifot take yi shi ne, duk saƙon da ya fito daga wayar abokin sai ta goge adireshinsa ta sa nata, ta rubuta a wani jadawali cewa wannan saƙo na wane ne. Idan amsa ta dawo sai ta duba jadawalin, ta mayar da adireshin asali, ta miƙa wa mai ita.

Haka rautar gida take yi, haka MiFi take yi, haka sabar Linux take yi idan aka sa ta raba intanet. A Linux sunan wannan jadawali conntrack. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna goma da lamba ɗaya a ƙofar waje: duk ɗan hayar da ya yi aike, yaron da ke zaure ya san ɗakin da zai kai saƙon in ya dawo.

Dalilin ƙirƙirar NAT ba tsaro ba ne, ƙarancin adireshi ne. Tsarin IPv4 da aka fitar a 1981 yana da adireshi kimanin biliyan 4.3 kacal, adadin da bai kai yawan mutanen duniya ba, balle wayoyinsu. Tun farkon shekarun 1990 injiniyoyi suka hango za su ƙare. A watan Mayun 1994 Kjeld Egevang da Paul Francis suka wallafa takardar RFC 1631 wadda ta bayyana NAT a matsayin mafita ta ɗan lokaci. A 1996 takardar RFC 1918 ta ware rukuni uku na adiresoshi don amfanin cikin gida: masu farawa da 10, masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Ranar 3 ga Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba ragowar manyan rukunan IPv4 da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar, ciki har da AFRINIC ta Afirka mai hedkwata a Morishus. Mafitar da aka ce ta ɗan lokaci ce ta wuce shekara talatin tana aiki.

Inda kariyar NAT ta tsaya

Gaskiya ne NAT yana ba da wata kariya, kuma bai kamata a yi musun hakan ba. Idan baƙon saƙo ya zo daga waje ba tare da wani a ciki ya nema ba, rauta za ta duba jadawalinta ta ga babu mai shi, sai ta yar. Yaron zaure bai san ɗakin da zai kai ba. Amma wannan kariya ta zo ne a kan hanya, ba don ita aka gina tsarin ba, shi ya sa take da ramuka huɗu manya.

Na farko, NAT ba ya kallon abin da ke faruwa a cikin gida. Duk wanda aka ba kalmar sirrin Wi-Fi ya riga ya wuce zaure. Kwastoman da ya roƙi a haɗa shi na minti biyar don ya turo takarda, yaron maƙwabta da aka ba kalmar bara ba a canza ba, wayar ma'aikaci da ta kwaso muguwar manhaja daga wani fayil na APK, duk suna layi ɗaya da sabar. In jakar Samba a buɗe take a ƙofa ta 445 ba tare da kalmar sirri ba, manhajar sarrafa fayil ta waya ta isa a shiga a kwashe komai. Ba a bukatar ƙwarewar kutse.

Na biyu, idan sabar ce da kanta take yin NAT, wato ita ce a bakin layin intanet, to NAT ɗin yana ɓoye kwamfutocin da ke bayanta ne kawai. Ita kanta a fili take. Duk manhajar da ke sauraro a 0.0.0.0, wato a kan dukkan katinan sadarwar na'urar, tana amsa wa na ciki da na waje. Wannan shi ne abin da ya fi kuɓuce wa masu farawa, domin sun ga intanet yana tafiya sai suka ɗauka aiki ya ƙare.

Na uku, ramukan da mai gida ke haƙawa da hannunsa. Tura ƙofa daga rauta zuwa saba, domin a iya shiga daga nesa, yana cire kariyar NAT daga wannan ƙofar gaba ɗaya. Zaɓin DMZ da ke cikin yawancin rautocin gida ya fi muni, domin yana tura duk wani baƙon saƙo zuwa na'ura ɗaya. Sai kuma UPnP, wanda ke ba manhajoji da na'urori irin kyamarar tsaro damar buɗe wa kansu ƙofa a rauta ba tare da sun tambayi kowa ba. Rautoci da yawa suna zuwa da shi a kunne.

Na huɗu shi ne IPv6. Adireshinsa yana da bit 128 maimakon 32, don haka babu ƙarancin da zai sa a bukaci NAT. Kowace na'ura tana iya samun adireshin da duniya ke gani. Tun ranar 6 ga Yunin 2012 manyan kamfanonin intanet suka kunna shi na dindindin, kuma yana ta yaɗuwa. Ranar da kamfanin da ke ba mutum intanet ya kunna IPv6, abin da ke tsakanin sabarsa da duniya shi ne katangar tsaro kawai, ta rauta ko ta sabar. Wanda ya rubuta dokokinsa da iptables ya manta da ip6tables ya kulle ƙofar gaba ya bar ta baya.

“Ni wa ya san da ni?”

Wannan ita ce hujjar da aka fi ji, kuma a ido tana da ma'ana. Me ɗan kutse zai nema a ƙaramin shago? Amsar ita ce ba mutum ne ke nema ba, manhaja ce, kuma manhaja ba ta tambayar sunan mai na'ura. A 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka fitar da ZMap, manhajar da ke iya ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya a dukkan adiresoshin IPv4 na duniya cikin ƙasa da minti 45 daga kwamfuta ɗaya mai layi mai sauri. Shafin Shodan, wanda John Matherly ya buɗe a 2009, aikinsa ke nan: yana tara jerin na'urorin da ke da buɗaɗɗun ƙofofi, kowa yana iya bincika. Duk wanda ya taɓa barin SSH a buɗe a ƙofa ta 22 a kan adireshin da duniya ke gani, in ya duba kundin shiga na sabar zai tarar da yunƙurin shiga da sunaye irin root da admin daga ƙasashen da bai taɓa zuwa ba.

Tarihi ma ya nuna ƙananan na'urori ake so. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta riƙa yawo tana neman kyamarori da rautocin da suka bar Telnet a buɗe a ƙofa ta 23, tana gwada sunaye da kalmomin sirri kimanin sittin irin waɗanda na'urori ke zuwa da su daga kamfani. Na'urorin da ta kama ne aka yi amfani da su ranar 21 ga Oktoban 2016 aka kai wa kamfanin Dyn hari, har Twitter da Netflix da Reddit suka gagari jama'a da yawa na tsawon awanni. Masu kyamarorin ba manyan mutane ba ne, galibinsu ba su ma san an yi yaƙi da kayansu ba.

A farkon 2017 dubban rumbunan bayanai na MongoDB da aka bari a buɗe a ƙofa ta 27017 ba tare da kalmar sirri ba aka share, aka bar saƙon neman kuɗin fansa. Ranar 12 ga Mayun shekarar kuma WannaCry ta ɓulla, tana bi ta ƙofa ta 445 a kwamfutocin Windows da ba a sabunta ba, ta kulle fayiloli a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Abin lura a nan shi ne, da zarar ta shiga kwamfuta ɗaya sai ta bi sauran da ke layi ɗaya da ita. NAT ba shi da ta cewa a cikin gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ba ta bukatar girma.

Tsarin da ya kamata a bi

Kuskuren yawancin masu farawa a jerin aiki yake. Suna fara buɗe komai har abu ya yi aiki, da niyyar za su rufe daga baya, kuma daga bayan ba ya zuwa. Ya kamata a juya jerin: a rufe komai, sannan a buɗe abin da ake bukata ɗaya bayan ɗaya, kowanne da dalilinsa.

Matakin farko ba katanga ba ne, ƙidaya ce. Na'ura tana da ƙofofi 65,535 na TCP da wasu irinsu na UDP, amma kaɗan ne ke da mai sauraro a bayansu. Umarnin sudo ss -tulpn yana nuna kowace manhaja da ƙofar da take sauraro da adireshin da ta ɗaure kanta a kai. Duk abin da ba a amfani da shi a kashe. Duk abin da sabar kaɗai ke bukata, kamar rumbun bayanai na MySQL a 3306 ko PostgreSQL a 5432, a ɗaure shi a 127.0.0.1. Ƙofar da babu kowa a bayanta ta fi ƙofar da aka sa wa mai gadi.

Mataki na biyu shi ne dokar asali. Ubuntu yana zuwa da ufw tun fitowar 8.04 a 2008, amma a kashe yake har sai an kunna. A misalin saba mai katin sadarwa biyu, eth0 yana kallon intanet, eth1 yana kallon cikin shago mai adiresoshin 192.168.50.0/24, ga yadda za a fara:

sudo ufw default deny incoming
sudo ufw default deny routed
sudo ufw default allow outgoing
sudo ufw allow in on eth1 from 192.168.50.10 to any port 22 proto tcp
sudo ufw enable

Layi na huɗu yana cewa kwamfuta ɗaya ce tal, ta mai shago, za ta iya shiga SSH, kuma ta ɓangaren ciki. Dole a rubuta shi kafin a kunna katangar. Wanda ke aiki ta SSH ya kunna katanga bai buɗe wa kansa hanya ba zai kulle kansa a waje, sai ya nemo allo da kibod ya je gaban na'urar. Kusan kowa ya taɓa yin wannan sau ɗaya, kuma ba dalili ba ne na daina amfani da katanga. Sunayen katinan ma su bambanta, a wata na'urar za a ga enp1s0 ko makamancinsa, umarnin ip a zai nuna na gaskiya.

Mataki na uku sannan NAT. A fayil ɗin /etc/ufw/sysctl.conf a kunna net/ipv4/ip_forward=1 domin sabar ta yarda ta wuce da saƙon wasu. A saman /etc/ufw/before.rules a ƙara:

*nat
:POSTROUTING ACCEPT [0:0]
-A POSTROUTING -s 192.168.50.0/24 -o eth0 -j MASQUERADE
COMMIT

Sai a ba da izinin wucewa ta fuska ɗaya kawai, daga ciki zuwa waje:

sudo ufw route allow in on eth1 out on eth0

Amsoshin abin da na ciki suka nema za su dawo da kansu, domin ufw yana da dokar da ke karɓar saƙon da ya shafi haɗin da aka riga aka ƙulla. Darussa da yawa a intanet suna cewa a mayar da DEFAULT_FORWARD_POLICY zuwa ACCEPT, domin ya fi sauri. Yana aiki, amma ma'anarsa sabar za ta wuce da saƙo ta kowace fuska, har daga waje zuwa ciki. Layi ɗaya da aka yi wa ƙyuya ne ya raba mai gadi da ɗan rakiya.

Mataki na huɗu, sauran ayyuka. In kwamfutocin shago suna bukatar jakar Samba, a buɗe 445 ga adiresoshinsu kaɗai, a sa wa jakar suna da kalmar sirri. In sabar ce ke raba adireshi da amsa tambayoyin DNS, a buɗe 67 da 53 a kan eth1 kawai. Wi-Fi na kwastomomi kuma a raba shi da na aiki. Yawancin rautoci suna da zaɓin layin baƙi, wanda ke ba da intanet amma ya hana ganin na'urorin ciki. Minti biyar ya isa a saita shi.

Mataki na ƙarshe gwaji ne, kuma wayar hannu ce kayan aikin. A haɗa ta da Wi-Fi na baƙi a gwada buɗe jakar, ya kamata ta ƙi. A kashe Wi-Fi a koma data a gwada daga waje. Mai Termux ko wata laftof zai iya amfani da nmap, amma a kan na'urorinsa kawai. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma “gwaji nake” ba hujja ba ce.

Tarkuna biyu da ba sa ƙara

Na farko ya shafi wuta. Dokokin da aka buga kai tsaye da umarnin iptables suna zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, suna ɓacewa da zarar na'ura ta mutu ta tashi. A inda wuta ke ɗaukewa sau uku a rana, kuma batirin tsohuwar laftof ɗin ba ya riƙe caji, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In dokar NAT ce ta ɓace kowa zai sani nan take, domin intanet zai tsaya, sai a sake buga ta. In dokokin tsaro ne suka ɓace babu wanda zai ji komai, domin asalin iptables karɓar komai yake yi. Saba tana iya yin wata shida tsirara mai ita yana ganin a kulle take. Maganin shi ne ufw, wanda ke adana dokokinsa da kansa, ko iptables-persistent, ko rubuta su a /etc/nftables.conf ga mai amfani da nftables, tsarin da ya shiga Linux 3.13 a 2014 don ya gaji iptables. Bayan an gama saiti a kashe sabar da gangan, a kunna, a duba sudo ufw status verbose.

Na biyu shi ne Docker, wanda matasa masu koyon haɗa manhaja ke so sosai. Idan aka tayar da kwantena da -p 8080:80, Docker yana rubuta dokar NAT tasa kai tsaye, wadda ke karkatar da saƙon kafin ya iso inda dokokin shigowa na ufw suke. Sakamakon haka ufw zai nuna ƙofa ta 8080 ba ta cikin jerin waɗanda aka buɗe, alhali a buɗe take. Ga abin da sabar kaɗai ke bukata a rubuta -p 127.0.0.1:8080:80. Ga sauran kuma Docker ya tanadi sarƙar DOCKER-USER don a sa dokokin taƙaitawa. Wannan tarkon kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa ake gwaji daga wata na'ura maimakon yarda da abin da allo ya nuna.

Mai son shiga daga nesa

Yawancin masu buɗe ƙofa a rauta abu ɗaya suke so: su ga fayilolinsu ko kyamararsu daga waya suna wani gari. Da yawa kuma sukan sha wahala a banza, domin layin nasu yana bayan wani NAT ɗin na kamfanin sadarwa, wanda ake kira CGNAT. A nan kwastomomi da yawa ne ke raba adireshin waje ɗaya. Takardar RFC 6598 ta 2012 ta ware adiresoshi daga 100.64.0.0 zuwa 100.127.255.255 don wannan. Haka intanet na layin waya yake aiki a mafi yawan wurare, kuma Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, shi ma a bayan CGNAT yake ajiye masu tsarin gida. Ganewa ba wuya: a duba adireshin da rauta ta samu daga kamfani, a kwatanta da wanda shafukan duba adireshi ke nunawa. In sun bambanta, akwai wani zauren a gaba wanda makullinsa ba ya hannun mai gida.

Abin da ke biyo baya shi ne haɗarin. Mutum ya tura ƙofa ba ta yi ba, ya kunna DMZ ba ta yi ba, ya kashe katangar sabar ba ta yi ba, ya gaji ya bar su a haka. Watanni bayan nan ya koma wani kamfanin mai ba da adireshin waje, ko IPv6 ya iso, ko ya kwashe saitin ya kai sabar haya a intanet, sai duk ramukan da ya haƙa su fara aiki lokaci ɗaya.

Hanyar da ta dace ita ce VPN na kai. WireGuard, wanda Jason Donenfeld ya rubuta kuma ya shiga Linux 5.6 a Maris 2020, yana bukatar ƙofar UDP ɗaya tal, kuma ba ya amsa wa duk wanda ba shi da makulli, don haka mai lalube ba ya ma ganin akwai wani abu a wurin. Yana da manhaja a Android da iPhone. Wanda ke bayan CGNAT zai iya amfani da Tailscale, wanda aka gina a kan WireGuard kuma yake ratsa NAT ba tare da an buɗe ƙofa ba, ko ya yi hayar ƙaramar saba mai adireshin waje ta zama mahaɗa. A duk hanyoyin nan jakar fayil da kyamara ba sa taɓa fuskantar intanet kai tsaye.

Abin da katanga ba za ta yi ba

Bai kamata a gudu daga ruɗin NAT a faɗa ruɗin katanga ba. Katanga tana yanke hukuncin wa zai iya ƙwanƙwasa wace ƙofa, ba ta gyara abin da ke bayan ƙofar. In an buɗe 443 ga tsohon WordPress da ba a sabunta ba, katanga za ta yi wa ɗan kutse maraba kamar kowa. In kalmar sirrin SSH ita ce sunan shago da 123, taƙaita ƙofar ya rage haɗari ne kawai. A koma amfani da makullin SSH, a sa PasswordAuthentication no, a riƙa sabunta manhajoji. Gyaran ramin da WannaCry ta bi ya fito tun watan Maris na 2017, wata biyu kafin harin. Kuma babu dokar katanga da za ta hana ma'aikaci danna mahaɗin yaudara, ko ta dawo da fayil ɗin da ba a ajiye kwafinsa a wani wuri ba.

Akwai kuma masu cewa duk wannan wahala ce ga ƙaramar saba, kuma katanga tana karya abubuwa. Tana karyawa, wannan gaskiya ne. Amma duk abin da ta karya tana nuna wata hanya ce da mai sabar bai san da ita ba. Firintar da ta daina aiki tana bukatar ƙofa ɗaya ko biyu ne, kuma sudo ufw logging on zai sa a ga saƙon da aka tare da lambar ƙofarsa a kundin tsarin. Wanda ya zauna ya gano wannan ya koyi abin da zai yi masa amfani a kowace saba har ƙarshen aikinsa. Wanda ya kashe katangar ya koyi umarni ɗaya.

Masu koyarwa a bidiyo da shafuka suna da nasu kason. Darasin da ya ƙare da zarar intanet ya fara tafiya rabin darasi ne. Wanda ya ce a kashe katanga don gwaji, wajibi ne ya nuna yadda za a kunna ta a kuma rubuta dokar da ta dace, domin mai kallo abin da ya gani zai kwaikwaya. Su ma masu ɗaukar matashi ya saita masu saba a shago ko makaranta suna da haƙƙin su tambaye shi ya nuna jerin ƙofofin da ke buɗe da dalilin kowace. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun Yunin 2023, amma ko babu doka, takardar da kwastoma ya bari a kwamfutar shago amana ce.

Duk mai saba a ɗaki ko a shago yana iya sanin matsayinsa yau, kafin ya kwanta: ya buga sudo ss -tulpn, ya buga sudo ufw status verbose, ya ɗauki wayarsa ya gwada shiga ta Wi-Fi ɗin da yake ba baƙi. In wayar ta buɗe jakar kwastomomi ba ta tambayi kalmar sirri ba, to duk wayar da ta taɓa hawa layin nan ta samu wannan damar.